Kafin Ka Aiki Wakilin AI, Gwada Takardar da Ka Ba Shi

Karanta wannan bayani, irin wanda masu haɗa manhaja ke rubutawa cikin gaggawa idan aiki ya zo ƙarshe kuma gajiya ta kama su:

tura_kudi: Yana tura kuɗi ga kwastoma. Gurabe: mutum, adadi.

Babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa. Wanda ya rubuta shi ya san cewa "mutum" lambar rajistar kwastoma ce a kundin shago, ya san da kobo ake rubuta "adadi", ya kuma san kuɗin da ya fita ba ya dawowa. Amma duk wannan sani a cikin kansa yake. Wakilin AI, wato manhajar da ake aika ta yi wa mutum aiki ta hanyar kiran kayan aiki irin wannan tura_kudi, wannan layi ɗaya tak shi ne iyakar abin da zai gani. Idan mai shago ya ce masa "mayar wa Alhaji dubu biyar ɗinsa", ko da ya dace da lambar Alhajin, zai rubuta 5000 a gurbin adadi, naira hamsin ta fita, ya dawo ya ce an tura.

Ba a gane kyan irin wannan takarda da karatu kawai. Mai ita ma ya fi kowa makancewa a kanta, domin duk inda ta yi giɓi, saninsa ne ke cike masa ba tare da ya lura ba. Ana gane kyanta ne a aikin da wanda bai san komai ba ya yi da ita. Duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na cire kanka daga tsakani, ka ga takardar tsirararta.

Tun watan Yunin 2023 da OpenAI ta fito da hanyar da ƙwaƙwalwar AI za ta riƙa kiran wata manhaja ta yi mata aiki, zuwa Nuwamban 2024 da Anthropic ta fito da tsarin MCP, ƙa'idar jona wakili da kayan aiki, wanda manyan kamfanonin fannin suka karɓa daga baya, siffar abin kusan ɗaya ce. Kowane kayan aiki yana isa wurin wakili da abu uku: suna, bayani da aka rubuta da maganar mutane, da tsarin guraben da za a cike, wanda ake rubutawa da JSON Schema, wato tsayayyen salon fayyace abin da kowane gurbi yake karɓa. Wakilin ba ya ganin cikin manhajarka, ba kuma zai leƙo ofis ya tambaye ka abin da kake nufi ba.

Zan riƙa komawa ga misali ɗaya da na tsara don bayani: dilan hatsi a Kano mai kwastomomi har Maraɗi, yana karɓar oda ta WhatsApp, wakilin AI na taimaka masa da kundin bashi, lissafin buhunan da ke sito, da mayar da rarar kuɗi.

Mataki na farko: fito da ainihin abin da wakilin ke gani

Da yawa idan aka ce su kawo bayanin kayan aikinsu, sai su buɗe dogon shafin da suka rubuta wa 'yan'uwansu masu haɗa manhaja, mai hotuna da misalai. Wannan shafi bai taɓa isa wurin wakili ba. Idan da MCP kake aiki, buɗe MCP Inspector, manhajar duba kayan aikin MCP, ka nemi jerin kayan aikin, ka kwafe abin da ya fito harafi da harafi. Abin da ya fi ma shi ne ka kama ainihin saƙon da manhajarka ke aika wa ƙwaƙwalwar, domin tsare-tsaren da ke shiga tsakani sukan ɗauko bayanin daga sharhin da ka rubuta a cikin kod, kuma ba kullum suke kai bayanin kowane gurbi inda kake zato ba. Buga shi a takarda in da hali. Daga yanzu wannan kwafi shi ne abin da ake wa shari'a.

Ka kuma ƙirga nauyinsa. Ƙwaƙwalwar AI tana lissafin rubutu da gutsattsarin kalmomi da ake kira tokin, kuma a tsarin da aka saba, bayanin dukkan kayan aikin yana shiga kowace tattaunawa, ko an yi amfani da su ko ba a yi ba. Kuɗi ne, kuma hankalin wakili ne ke rarrabuwa. OpenAI ta ba da shawarar a yi ƙoƙari kada su kai ashirin a lokaci guda. Idan naka sun kai hamsin, rubuta wannan a matsayin matsala ta farko tun kafin ka karanta ko layi ɗaya.

Mataki na biyu: gwajin baƙo

Nemi mutum mai hankali wanda bai san aikinka ba. Ba lallai ya iya kod ba. Ɗalibin da ya zo neman sanin makamar aiki ya isa. Miƙa masa takardar da buƙatu biyar ko shida irin waɗanda mai shago zai faɗa, ka ce ya rubuta maka kayan aikin da zai kira da abin da zai zuba a kowane gurbi. Sannan ka kama bakinka. Wannan shi ne wuri mafi wuya, don da ya yi tambaya za ka ji amsar ta zo maka har leɓe. Kada ka amsa, rubuta tambayar. "Mutum ɗin nan sunansa ne ko lambar wayarsa?" Giɓi ɗaya ke nan. "In kwastoma biyu suna da suna ɗaya fa?" Na biyu. Bambancin baƙon nan da wakilin AI shi ne, shi ya tsaya ya tambaya. Wakili sau da yawa sai ya cike da abin da ya fi kama da daidai ya wuce.

Mataki na uku: bi gurabe ɗaya bayan ɗaya

A nan zan daɗe, domin a nan asara ta fi ɓuya.

Fara da ma'auni. Duk gurbin da ke karɓar lamba, tambaye shi: lambar me? Manhajar biyan kuɗi ta Paystack tana karɓar kuɗin naira da kobo, wato naira 5,000 a wurinta 500000 ce. Takwararta Stripe ma da ƙaramin kashi na kuɗi take aiki, amma ta ware wasu kuɗaɗen da ba su da ƙaramin kashi, ciki har da sefa, inda 5,000 take nan a 5000. To dilanmu mai kwastoma a Kano da Maraɗi yana da gurbi ɗaya mai ƙa'ida biyu. Ga kuma abin da wanda ba Bahaushe ba zai yi wuya ya hango: mutumin Nijar da dala yake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Idan ya ce "dala ɗari", sefa 500 yake nufi, ba dalar Amurka ɗari ba. Takardar da ba ta faɗi wannan ba ta bar wakili ya yi hasashe a kan kuɗin mutane. Haka buhu: na kilo nawa? Tiya da mudu kuma, na wace kasuwa? In shagon yana da nasa awon, dole ya fito a rubuce.

Sai lambobin shaida. A Najeriya lambar waya idan an rubuta ta da sifilin farko lamba 11 ce, BVN lamba 11 ce, NIN ma 11 ce, lambar asusun banki kuma 10. Gurbin da aka sa wa suna "lamba" gayyatar kuskure ne. Duba ko sunan gurbin da kansa yana faɗin abin da yake so: lambar_asusu, lambar_kwastoma, adadi_da_kobo. Duba kuma ko an faɗi inda ake samo ta. Jumla ɗaya irin "lambar da nemo_kwastoma ya dawo da ita" tana koya wa wakili jerin aikin gaba ɗaya: ka fara nema, sannan ka tura. Ga lambar waya, an ce da sifili za a fara ko da +234 da +227 bisa tsarin lambobin waya na duniya, E.164?

Kwanan wata ma haka. 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris. Takarda mai kyau za ta ce a rubuta shekara, wata, rana bisa ISO 8601, ta ba da misali kamar 2025-04-03, ta kuma faɗi agogon da ake bi. Najeriya da Nijar awa ɗaya suke gaban agogon GMT, Gana kuwa a kansa take daidai, sabobi, wato kwamfutocin da manhajoji ke aiki a kansu, da yawa kuma da shi suke ajiye lokaci. Odar da ta shigo sha biyu da rabi na dare a Kano, a irin wannan kundi ta jiya ce. Idan mai shago ya ce "nawa muka sayar yau", wace yau ɗin?

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu mu kaɗai. Kayan aikin bincike yana ɗaukar ƙ da k a matsayin harafi ɗaya? Wanda ya nemi "Danladi" zai samu "Ɗanladi"? A Najeriya muna rubuta 'y, a Nijar suna rubuta ƴ. Idan binciken yana bambanta su kuma takarda ta yi shiru, wakili zai nema sau ɗaya, bai samu ba, ya ce wa mai shago babu wannan kwastoma, ko ma ya buɗe masa sabuwar rajista bashinsa ya rabu gida biyu.

Bayan haka, duba abin da aka bar wa magana alhali tsari zai iya tsare shi. Idan halin oda iri huɗu ne kacal, a jera su huɗun a cikin JSON Schema a matsayin zaɓi rufaffe, kada a ce wa wakili "rubuta halin oda". A nuna guraben da suke dole. Waɗanda ba dole ba kuma, a faɗi abin da ke faruwa idan an bar su fanko.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa: ajiye takardar kusa da kod ɗin, ka tabbatar maganarsu ɗaya. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da zai shiga kewayen duniyar Mas. Takardar ƙa'idar aikin ta ce a ba da alƙaluman ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin mitirik, amma wata manhaja da ke aiki a nan duniya ta riƙa fitar da su da ma'aunin fam na Amurka, masu lissafin hanya kuma suka ɗauke su a kan abin da takarda ta ce. Takardar ba ta da laifi a rubuce. Manhajar ce ba ta bi ta ba. Wakilin AI yana gaskata takarda fiye da kowane injiniya. Don haka kira kowane kayan aiki da hannunka, da misalan da ke cikin bayaninsa, ka ga ko abin da aka yi alkawari shi ke fitowa.

Mataki na huɗu: yaushe, kuma yaushe ne a'a

Jera kayan aikin da suka yi kama da juna ka karanta su tare. A shagonmu akwai tura_kudi da rubuta_biyan_bashi. Idan mai shago ya ce "cire wa Hajiya dubu goma", wanne ne? Ɗaya yana fitar da kuɗi daga banki, ɗaya yana rage lamba a kundi. In kai da ka gina su sai ka ɗan yi tunani kafin ka zaɓa, to wakili zai riƙa faɗawa nan da can. Kowane bayani ya kamata ya faɗi abin da yake yi, lokacin da ake kiransa, lokacin da ba a kiransa, da sunan ɗan'uwansa da ya dace a maimakonsa. Shawarar Anthropic ita ce jumla uku zuwa huɗu aƙalla ga kowane kayan aiki, fiye da haka in yana da sarƙaƙiya. Ni dai ba tsawo nake aunawa ba. Ina duba ko kowace jumla tana hana wani kuskure da zan iya ambata. Jumlar da ke yabon kayan aikin, cewa yana da sauri ko ƙarfi, a goge ta.

Game da suna, manyan tsare-tsaren suna karɓar haruffan Turanci ne da lambobi da ɗan layin haɗi, ba sa karɓar ƙ ko ɗ. Shi ya sa na rubuta "kudi" ba "kuɗi" ba. Ka kula kada cire ƙugiya ya sauya ma'ana, kamar kasa da ƙasa, ko kafa da ƙafa.

Mataki na biyar: abin da ke dawowa ma bayani ne

Wakili yana koyo daga amsar kayan aiki kamar yadda yake koyo daga takardarsa. Saboda haka ka ɓata kira da gangan: bar gurbin dole fanko, zuba suna a inda ake son lamba, nemi kwastoman da babu shi. Karanta abin da ya dawo. "Kuskure 400" bai gaya wa kowa komai ba; wakili zai sake irin kiran sau uku, ko ya haƙura ya ƙirƙiri amsa. Kwatanta da wannan: "lambar_kwastoma ba ta yi daidai ba. Ana son lamba mai farawa da KW, kamar KW00417. Nemo ta da nemo_kwastoma." Wannan saƙo ya gyara kuskuren da kansa. A MCP akwai alamar isError da ake sa wa sakamakon, don saƙon ya isa wurin ƙwaƙwalwar ta gani ta gyara.

Duba amsar nasara ma. Tana dawo da sunan kwastoma da garinsa, ko doguwar lambar kwamfuta ce kawai wadda wakili ba zai iya tabbatar da ita ba? Idan bincike ya samo mutum ɗari uku, duka ake juye masa? Claude Code, wakilin rubuta kod na Anthropic, alal misali, yana tsayar da amsar kayan aiki a tokin 25,000 in ba an sauya ba. Idan naka yana yankewa, dole amsar ta ce an yanke, ta faɗi yadda za a nemi saura. In ba haka ba wakili zai tara bashin mutum hamsin na farko ya ce shi ne jimillar bashin shago.

Mataki na shida: abin da ba ya gyaruwa

Raba kayan aikin gida biyu: masu dubawa kawai, da masu taɓa wani abu a duniya. Ga kashi na biyu, takarda ta amsa tambaya uku a fili. Ana iya janyewa? Sai an nemi izinin mutum? Idan aka kira sau biyu, sau biyu zai yi? Ta ukun nan ta fi damuna, don duk wanda ya taɓa tura kuɗi sabis ya yanke, ya tsaya yana jiran alat bai san ko sun fita ba, ya san halin. Wakili ma yana shiga wannan hali, kuma ɗabi'arsa ita ce ya sake gwadawa. Tun sabuntawar Maris 2025, MCP yana da alamomi irin su readOnlyHint (dubawa kawai), destructiveHint (yana iya rushe abu) da idempotentHint (maimaita kira ba ya ƙara komai). Cike su, amma ka sani an yi su ne domin manhajar da ke ɗauke da wakili, ba lallai ƙwaƙwalwar ta gan su ba. Maganar ta fito a cikin bayanin da kansa, kuma ainihin shingen ya kasance a cikin kod.

Mataki na bakwai: sa wakilin a aiki

Duk abin da ya gabata share fage ne. Yanzu rubuta ayyuka, ashirin zuwa talatin sun isa farawa, kowanne da sakamakon da za a iya tabbatarwa: wane kwastoma, nawa, me ya canza a kundi. Kada ka rubuta su da kalmomin takardar. Rubuta su yadda mai shago ke magana yana tsakiyar ciniki, da Hausa, da gaurayen Turanci ko Faransanci, da rubutun waya marar ƙugiya: "duba min wanda ya dau masara buhu 20 ran laraba bai cika kudi ba, ka rage mishi abinda ya kawo jiya". Irin wannan yana bukatar kira uku ko huɗu a jere, kuma a nan ake ganin ko bayanan suna miƙa wa juna hannu.

Ka tabbata akwai iri uku da mutane ke mantawa. Akwai buƙatar da babu kayan aikin da ya dace da ita, inda daidai shi ne wakili ya ce ba zai iya ba. Ma'aunin gwaji na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, wanda aka sani da BFCL, ya ware wa wannan sashe na musamman. Akwai buƙatar da bayaninta bai cika ba, inda daidai shi ne ya tambaya. Akwai kuma tarko, kamar kwastoma biyu masu suna ɗaya, ko "dala ɗari" daga bakin mutumin Maraɗi.

Yi gwajin a kundin gwaji, ba a asusun gaske ba, kuma kowane aiki a maimaita shi. Wakili ba ya amsa iri ɗaya kullum. Ma'aunin tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 ya kawo wata hanyar lissafi da nake ganin ta dace da ɗan kasuwa: ba a tambayar ko ya ci sau ɗaya, ana tambayar ko ya ci duka a jere. Yi lissafin da kanka. Wakilin da ke yin daidai sau tara cikin goma, idan kowane gwaji zaman kansa yake, damar ya yi daidai sau takwas a jere kusan kashi 43 cikin ɗari ce kawai. Tara cikin goma maki ne mai kyau a makaranta, amma ba a gurbin tura kuɗi ba.

Ga kowane gwaji rubuta ko ya zaɓi kayan aikin da ya dace, ko ya cike gurabe daidai, kira nawa ya yi, kuskure nawa ya samu, tokin nawa ya ci. Sannan ware kashi ɗaya cikin uku na ayyukan ka ɓoye, kada ka dube su lokacin gyara. In ba haka ba za ka wayi gari ka gyara takardar ta dace da tambayoyinka kaɗai, kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin bara.

Mataki na takwas: karanta abin da ya faru, ba maki kaɗai ba

Maki yana gaya maka akwai ciwo, ba ya nuna inda yake. Buɗe tarihin kowane gwajin da ya faɗi, ka bi shi kira bayan kira har ka kai daidai inda ya kauce, sannan ka koma takarda ka nemo jumlar da ta kai shi can, ko jumlar da babu. Karanta wasu daga cikin waɗanda suka ci ma, don wani ya ci ne bayan ya yi karo sau shida. Kana iya tambayar wakilin abin da ya ruɗe shi, kuma yakan faɗi abu mai amfani, amma abin da ya aikata ya fi abin da ya ce nauyi.

Misalai biyu daga Anthropic sun nuna hanyoyi biyu na gyara. Lokacin da suka fito da kayan binciken intanet na Claude, ƙwaƙwalwar AI ɗinsu, sun lura yana liƙa 2025 a jikin kalmomin bincike ba gaira ba dalili, abin da ke karkatar da sakamako. Gyaran bayanin kayan aikin ne ya magance shi. A aikinsu na SWE-bench, wato gwajin gyaran kod, kuwa, sun ga wakili yana kuskuren adireshin fayil idan ya bar babbar jakar fayilolin da ya fara a ciki, sai suka sauya kayan aikin da kansa ya daina karɓar komai sai cikakken adireshi. Na farko ciwon takarda ne, na biyu ciwon ƙira. Ka koyi bambanta su. Idan ka ga kana ta ƙara gargaɗi da manyan haruffa a kan abu ɗaya, yawanci ƙirar ce ke da laifi. A shagonmu, maimakon a yi ta jaddada maganar kobo, ya fi sauƙi gurbin ya karɓi naira, kod ya ninka da ɗari a ɓoye.

Ga yadda layin da muka fara da shi zai iya komawa bayan wannan aiki:

tura_kudi_ga_kwastoma: Yana fitar da naira daga asusun shago zuwa asusun bankin kwastoman da ke cikin rajista, don mayar da rara ko kuɗin odar da aka soke. Kuɗin da ya fita ba ya dawowa, saboda haka a karanta wa mai shago sunan da adadin, a jira amincewarsa kafin kira. Ba ya tura sefa. In kwastoma da sefa yake biya, a sanar da mai shago. Ba ya rage bashi a kundi, wannan aikin rubuta_biyan_bashi ne. lambar_kwastoma: wadda nemo_kwastoma ya dawo da ita, kamar KW00417, ba suna ko lambar waya ba. adadi_da_naira: kamar 5000 don naira dubu biyar. lambar_turawa: sabuwa ga kowace turawa, in sabis ya yanke a sake kira da ita ɗin dai, ba za a tura sau biyu ba.

Sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka sake gudanar da dukkan gwajin, har da na kayan aikin da ba ka taɓa ba, domin gyaran bayanin ɗaya yakan janyo masa kiran da na maƙwabcinsa ne. Tambayar ko da Hausa za a rubuta bayanin ko da Turanci ma a nan ake warware ta. Ƙwaƙwalen nan sun fi cin karo da Turanci a horonsu, kuma rubutun Hausa yakan ci tokin fiye da na Turanci. Amma kalmomin kasuwa irin su dala, tiya da rara dole su fito da sunansu ko da wane harshe aka yi sauran. Rubuta iri biyu, ka gudanar da su a kan ayyuka ɗaya, ka bi wanda ya ci.

Idan takardar ba taka ba ce

Yawancin masu haɗa wakili suna jona kayan aikin da wasu suka rubuta. A nan awon inganci ya haɗa da tsaro. A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna yadda ake cusa umarni a cikin bayanin kayan aiki, mutum yana ganin taƙaitaccen suna a fuskar manhaja, ƙwaƙwalwar kuwa tana karanta cikakken rubutu mai ce mata ta buɗe fayil ɗin sirri ta aika da abin da ke ciki. Karanta kowane bayani har ƙarshensa, har da na gurabe. Duk wanda ke ba da umarni a kan wani kayan aikin daban, ko yake cewa kada a gaya wa mai amfani, ko yake neman abin da aikinsa bai bukata ba, cire shi. Ajiye kwafin bayanin da ka amince da shi, ka sa manhajarka ta riƙa kwatanta shi da wanda sabar ke aikowa, domin mai sabar yana iya sauya rubutun bayan ka amince.

Jerin ayyukan gwajin nan kuma ka ajiye shi tare da kod, a gudanar da shi duk lokacin da aka taɓa kayan aiki, aka ƙara sabo, ko aka koma wata ƙwaƙwalwar, don bayanin da wata ta fahimta wata tana iya yi masa wata fassara. Idan oda ta lalace a hannun kwastoma na gaske, kwafo maganarsa yadda ya rubuta ta da duk kurakuran rubutunsa, cire sunansa da lambarsa, ka ƙara ta cikin jerin kafin ka taɓa takardar.